Me ya sa ƙafa ke mutuwa bayan kilomita 30? Muhawara kan jure gajiya a gudun fanfalaki

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum malamai. Ga tambaya. Mutum biyu ne, lokacinsu ɗaya a kilomita 10, dukansu minti 40. A rabin fanfalaki ma kusan tare suke shigowa, awa ɗaya da rabi. Amma ranar cikakken fanfalaki, kilomita 42.195, ɗaya ya gama cikin awa 3 da minti 10, ɗayan kuwa sai da ya kai awa 3 da minti 35, yana jan ƙafa tun daga kilomita 31. Numfashinsu ɗaya, saurinsu ɗaya. Daga ina bambancin ya fito?

Daktan Wasanni:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun 1991 wani likita Ba'amurke, Michael Joyner, ya tsara lissafin da aka daɗe ana aiki da shi. Ya ce abu uku ne ke yanke lokacin mai gudun fanfalaki: yawan iskar oksijin da jiki ke iya ɗauka ya yi aiki da ita a minti ɗaya, kashi nawa na wannan iyakar mutum zai iya riƙewa kafin laktet, sinadarin da tsoka ke fitarwa in aiki ya yi tsanani, ya fara taruwa a jini, sai kuma tsimin gudu, wato oksijin nawa yake ƙonawa a kowace kilomita. Da wannan lissafin ya yi hasashen cewa ɗan Adam zai iya 1:57:58.

Matsalar ita ce duka ukun ana auna su ne mutum yana hutacce. Ya yi barci, ya karya, ya hau injin gudu na minti 15 ko 20. Ba wannan jikin ba ne ke isa kilomita 32. Bayan awa biyu ana gudu, duka ukun sun lalace: iyakar oksijin ta sauka, laktet na taruwa a saurin da ɗazu ba ya taruwa, tsimin ya ragu. Yadda suke lalacewa kuwa kowa da nasa. Farfesa Andrew Jones na Jami'ar Exeter a Ingila, wanda ya yi aiki da Eliud Kipchoge, zakaran fanfalaki ɗan Kenya, ya kira wannan abu na huɗu. A gwajin da suka yi da masu tuka keke, bayan awa biyu na aiki mai nauyi, ƙarfin da mutum ke iya ɗorewa a kai ya faɗi da kusan kashi 10 cikin ɗari in an haɗa kowa da kowa. Amma wani kusan bai motsa ba, wani kuma ya yi asarar wajen kashi 30. Mutanenka biyu ke nan.

Ɗan Pankshin:
Dakta, ranka ya daɗe, wannan ai sabon suna ne kawai aka raɗa wa tsohon abu. Wanda ya mutu a kilomita 31 bai tara kilomita a ƙafarsa ba, shi ke nan. A tambaye shi nawa yake yi a mako. Mai minti 40 a kilomita 10 zai iya kaiwa can da kilomita 40 a mako in yana da baiwa. Fanfalaki ba ta san baiwa ba.

Daktan Wasanni:
Ban musa ba, yawan kilomita shi ne babban magani. Amma amfanin ba shi suna shi ne a iya auna shi, a kuma san wanne ne ya fara karyewa a jikin wane. Wani mai ne ya ƙare masa, wani cinya ce ta farfashe, wani zafi ne ya dafa shi. Ka ce wa dukansu su ƙara kilomita, ɗaya zai warke, ɗaya ya ji ciwo a ƙwauri.

Kocin Tsere:
Bari in ba da yadda ake aunawa ba tare da ɗakin gwaji ba. Ana buƙatar agogo mai nuna sauri da ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya. Na wuyan hannu yana yin ƙarya in gumi ya jiƙe shi, wani lokaci ma yawan takun ƙafa yake kamawa ya nuna shi a matsayin bugun zuciya, sai ka ga 175 alhali mutum hira yake yi.

A samu hanya miƙaƙƙiya marar tudu, da asuba. A yi minti 15 na ɗumama jiki, ba a lissafa su. Sannan minti 90 a sauri ɗaya tak, saurin da za ka iya magana jimla-jimla. A raba gida biyu, a duba matsakaicin bugun zuciya na kowane rabi. Misali: minti 5:30 a kilomita tun daga farko har ƙarshe, rabin farko bugu 145, rabi na biyu 156. Sauri bai canza ba amma zuciya ta ƙara aiki da kusan kashi 8. Kocina da yawa suna ɗaukar kashi 5 a matsayin iyaka: ƙasa da haka jiki ya riƙe, sama da haka akwai aiki. A maimaita duk mako huɗu, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, karin kumallo iri ɗaya, in ba haka ba kana auna yanayi ne ba jikinka ba.

Akwai wani nazari na 2022 da ya duba bayanan agogon masu gudun fanfalaki fiye da dubu 80, ba ƙwararru ba. A matsakaici wannan rabuwa tsakanin zuciya da sauri tana farawa ne wajen kilomita 25. Masu juriya sai bayan 30 take zuwa musu, marasa juriya tun kafin 20. Mata kuma sun fi maza riƙewa.

Sabon Shiga:
Koci, ga wanda ba shi da kuɗin ɗamarar ƙirji fa?

Kocin Tsere:
Sai ya yi gwajin sauri a kan gajiya. Ranar Talata, yana hutacce, ya yi kilomita 3 iya ƙarfinsa a filin tsere, zagaye bakwai da rabi. Bayan kwana goma ya yi gudu mai sauƙi na minti 90, ya sha ruwa, ya shiga filin nan take ya sake kilomita 3 ɗin. Tazarar da ke tsakanin lokutan biyu ita ce amsar. Wanda ya yi 11:20 hutacce ya yi 11:40 a gajiye ya fi wanda ya yi 11:05 ya koma 12:10, in dai fanfalaki ake magana. Agogon Casio na kasuwa ya isa.

Wata hanyar ita ce lissafin Riegel: a ninka lokacin rabin fanfalaki da 2.085. Mai 1:30 ya kamata ya yi wajen 3:08. In ya yi 3:35 ba sauri ya rasa ba, don haka ƙara masa gudun mita 400 ɓata lokaci ne.

Malamar Abinci:
Malamai, kafin a ɗora laifi kan ƙafa, a duba ciki. Lissafin a fili yake. Gudu yana cin kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na jiki a kowace kilomita. Mai kilo 62 zai ƙona wajen kalori 2,600 a fanfalaki. Ajiyar sukarin jiki, gilaikojin, giram 400 zuwa 500 ne a tsoka, da kusan giram 100 a hanta, kowane giram kalori 4. Kuma wanda ke cikin tsokar hannu da baya ba ya iya tafiya ya taimaki cinya, inda yake nan yake zama. Sauran kuzarin daga kitse yake fitowa, shi kuwa kitse ya fi cin oksijin kafin ya ba da kuzari daidai da na sukari. Da gilaikojin ya yi ƙasa, dole sauri ya sauka ko numfashi ya hau.

A gwajin Exeter da Dakta ya ambata, da aka ba mutanen giram 60 na sukari a kowace awa, faɗuwar nan ta ƙarfin ɗorewa ba ta auku ba. Wato wani ɓangare na abin da muke kira rashin juriya yunwa ce kawai.

Adadi: gudun awa ɗaya zuwa biyu da rabi, giram 30 zuwa 60 a awa. Fiye da haka, har giram 90, amma sai an haɗa nau'in sukari biyu, gulukos da furuktos, domin ƙofar da gulukos ke bi a hanji tana cikewa a wajen giram 60 a awa, furuktos kuwa ƙofarsa daban. Sukarin shayi na kanti rabi da rabi ne na biyun, don haka ba sai an sayi na waje mai tsada ba. Ruwan leda ɗaya, rabin lita, cokalin shayi tara zuwa goma a shafe na sukari, wajen giram 40 ke nan, da gishiri ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka, a matsa lemon tsami. Babban cokali na zuma yana da sukari giram 17. A fara sha tun minti 20 zuwa 30 da tashi, kaɗan-kaɗan. Wanda ya jira sai ya ji ƙafa ta yi nauyi ya makara.

Ɗan Pankshin:
Hajiya, dabino fa? Ya fi sauƙin ɗauka a aljihu.

Malamar Abinci:
Yana yi, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Aibinsa biyu: yana da dusa, ga wasu yana motsa ciki in ana girgiza, sannan busasshen nan na Agadas sai an tauna, mutum yana haki ba ya iya tauna. A jiƙa shi da dare a cire ƙwallon a dama, ko a nemi mai laushi. Kuma ko me za a sha ranar tsere, a gwada shi a dogon gudu aƙalla sau biyar ko shida, ana ƙarawa daga giram 30 zuwa 60 a hankali, domin hanji ma horo yake ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Cika ajiya kafin tsere ma mutane suna kuskurensa. Ba kwanon taliya ɗaya da dare ba ne. Giram 10 ne na sitaci da sukari ga kowane kilo na jiki a rana, tsawon awa 36 zuwa 48. Mai kilo 62 giram 620 ke nan. Dafaffiyar farar shinkafa giram 28 kawai take da shi a cikin giram 100, kenan sai an ci fiye da kilo biyu in ita kaɗai ce. Shi ya sa ake rabawa: tuwon shinkafa, burodi da zuma, kunu mai sukari, ayaba, lemon kwalba. A rage wake, alale, ganye, mai da yaji a kwana biyun nan. Sikeli zai hau da kilo ɗaya ko biyu, ruwa ne da gilaikojin ke riƙewa, kar a tsorata.

Likitan Gashi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ba duka ba ce. Akwai wanda ya sha sukarinsa daidai, kansa garau, numfashi lafiya, bugun zuciya ma sauka yake yi, amma cinya ta ƙi. Wannan ba yunwa ba ce, tsoka ce ta farfashe. Fanfalaki taku dubu 30 zuwa 40 ce, a kowane taku ƙafa ɗaya tana karɓar nauyin jiki ninki biyu zuwa uku. Tsokar gaban cinya da sha-raɓa suna miƙewa ne suna birki a lokaci ɗaya, wannan irin aikin shi ya fi yayyaga zaren tsoka. Da zaruruwa masu jimiri suka gaji, jiki sai ya kira masu sauri su karɓa, su kuwa sun fi shan oksijin da sukari. Agara ma ta daina dawo da ƙarfi kamar roba. Ku tsaya a kilomita 35 ku saurara: ƙafar da ɗazu ba a jin saukarta yanzu faf-faf take yi a kwalta, kwankwaso ya zauna, taku ya gajarce, kafaɗu sun hau kunne.

Hanyar bambancewa: in bugun zuciya na hawa sauri na sauka, a zargi zafi da ƙishi. In kai na juyawa, jiki na sanyi, hamma da jin haushi, sukari ne. In zuciya na sauka tare da sauri, cinya na zafi kamar an doke ta da taɓarya, kuma washegari ba a iya sauka daga bene sai da baya, tsoka ce.

Kocin Tsere:
Likita, ka ba su maganin, kar ka tsaya a bayanin ciwo.

Likitan Gashi:
Ƙarfe mai nauyi, sau biyu a mako, aƙalla mako goma. Ba ƙaramin nauyi sau talatin ba, wannan gudu ya riga ya ba ka shi. Tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, hawa akwati da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya gwiwa a miƙe sannan gwiwa a lanƙwashe, domin na biyun ne ke kama tsokar ciki ta sha-raɓa wadda ta fi kowace ɗaukar kaya a gudu. Zubi uku zuwa huɗu, kowane zubi sau 4 zuwa 6, da nauyin da za ka iya ƙara sau biyu kawai in an matsa maka, hutu minti biyu zuwa uku. A ƙara tsalle-tsalle kaɗan, saukowa 40 zuwa 60 a zama ɗaya ga mai farawa. Masu bincike a Jami'ar Loughborough sun gwada irin wannan tsarin na mako goma, suka ga tsimin gudu bai lalace ba a ƙarshen minti 90 kamar yadda yake yi a da. Sabon shiga ya fara da mako uku na koyon tsayuwa da nauyi mai sauƙi, in ba haka ba baya ne zai fara tafiya. A sa ƙarfen a ranar atisaye mai wuya, da yamma, domin ranar hutu ta zama hutu da gaske.

Na biyu, gangara. Tsoka in ta sha wannan yagewar sau ɗaya tana yin kariya ta makonni. Gangara mai sauƙi, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, mita 400 sau shida, taku gajere da sauri, ba a jingina baya. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, a daina mako uku kafin tsere. Masu gudun Boston sun san wannan: gangarar farkon hanya ce ke cinye cinya, sai tuddan Newton su zo wajen kilomita 26 zuwa 34 su karɓi saura. A tseren Comrades na Afirka ta Kudu ma, shekarar da ake gangarowa daga Pietermaritzburg zuwa Durban ita ta fi barin mutane da ciwon ƙafa.

Ɗan Pankshin:
To duk mun ji, amma in dawo kan maganata. Ƙarfe da zuma ba za su maye gurbin dogon gudu ba. A Kaptagat ta Kenya, sansanin koci Patrick Sang, mutane suna haura kilomita 200 a mako, da dogon gudu na kilomita 30 zuwa 40, shekara da shekaru. Ba wanda ya ce ɗan koyo ya yi haka. Amma mai neman 3:10 yana buƙatar kilomita 70 zuwa 90 a mako na wata huɗu, mafi yawa a saurin hira, bayan ya shafe watanni yana hawa a hankali.

Kuma dogon gudu iri biyu ne. Akwai na jan lokaci, awa biyu da rabi a hankali, yana gina ƙashi da agara da ƙona kitse. Akwai kuma wanda ake sa aiki a ƙarshensa, shi ne ke koya wa jiki gudu a gajiye. Ga mai neman minti 4:30 a kilomita: kilomita 30, ashirin na farko a 5:15, goman ƙarshe a 4:30. Ko kilomita 32 da zubi uku na kilomita 5 a saurin tsere, tsakaninsu kilomita ɗaya a 5:00, zubin ƙarshe ya faɗo bayan kilomita 25. Irin abin da kocin nan ɗan Italiya, Renato Canova, ya yi suna da shi a Kenya ke nan. Sau ɗaya a mako biyu, ba kowace Asabar ba. Wanda ya yi shi kowane mako zai bar tserensa a hanyar atisaye.

Sabon Shiga:
Akwai masu cewa a riƙa yin dogon gudu ba a ci komai ba, don jiki ya koyi ƙona kitse. Ashe watan azumi dama ce?

Ɗan Pankshin:
Yana da amfani. Gudu da cikin wofi da safe yana ƙara ƙona kitse, wannan an tabbatar.

Malamar Abinci:
Malam, an tabbatar yana ƙara ƙona kitse, ba a tabbatar yana rage lokacin tsere ba. Abu biyu ne daban. Minti 45 zuwa 60 a hankali kafin karin kumallo ba laifi. Amma gudun kilomita 30 mai aiki a ƙarshe da cikin wofi, saurin ba zai fito ba, farfaɗowa za ta ɗauki kwana huɗu maimakon biyu, kuma hanji bai koyi karɓar sukari ba. Ga mata ƙarin haɗari: ƙarancin abinci da yawan gudu yana ɗauke al'ada ya raunana ƙashi.

Azumi kuwa ba yunwa kaɗai ba ce, babu ruwa. Tsarin da ya fi lafiya: gudu mai sauƙi minti 30 zuwa 40 dab da shan ruwa, atisaye mai wuya kuma bayan tarawihi, awa biyu zuwa uku da buɗa baki. A rage yawan kilomita, a riƙe abin da aka tara. Dogon gudu bayan sahur da rana a gaba, a zafin Kano ko Sakkwato, ganganci ne.

Daktan Wasanni:
Tun da an zo kan zafi. A nan ne lissafin ƙasashen sanyi ke ruɗar mutanenmu. Jiki na tura jini fata don ya huce, gumi na rage ruwan jini, abin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya ya ragu, sai ta ƙara yawan bugu. Zafi kuma yana sa tsoka ta fi ƙona gilaikojin. Wato duk abin da Hajiya da Likita suka lissafa yana zuwa da wuri. A gasar duniya ta Doha a 2019 tsakar dare aka tashi gudun mata don gudun rana, duk da haka cikin 68 da suka fara 40 ne suka gama, kuma Ruth Chepngetich da ta ci ta yi 2:32:43, nesa da abin da take yi a sanyi.

Mai zuwa fanfalakin Legas, da yawanci ake yi a Fabrairu, ya lura. Ɗan Jos ya saba da sanyi da tudu, jininsa mai kyau, amma bai saba da zafi ba. Ɗan Kano ya saba da zafi busasshe na ƙarshen hunturu, inda gumi ke bushewa ya sanyaya shi. A Legas iska a jiƙe take, gumin zuba yake yi ƙasa, asarar ruwa ba tare da sanyi ba. Sabawa da zafi tana ɗaukar kwana 10 zuwa 14, awa ɗaya a rana a hankali cikin ɗumi ko da ƙarin riga, ruwan jini ya ƙaru, gumi ya fara da wuri, gishirin cikinsa ya ragu.

Awon gumi: a hau sikeli ba kaya, a yi gudun awa ɗaya, a goge jiki a sake hawa. In kilo 1.1 ya tafi kuma an sha ruwan leda ɗaya, gumin lita 1.6 ne a awa. Ba a mayar da shi duka ana gudu, ciki ba zai ɗauka ba. Ana dai ƙoƙarin kar asarar ta wuce kashi 2 zuwa 3 na nauyin jiki. Kishiyar ma tana kisa: mai tafiya a hankali awa biyar yana ɗurar ruwa zalla a kowace tasha, gishirin jininsa ya tsinke. In mutum ya gama tsere ya fi nauyin da ya fara da shi, kai na ciwo, yana ruɗewa, kar a ƙara masa ruwa, asibiti za a kai shi.

Kocin Tsere:
Duk wannan, mutum zai iya rusa shi a kilomita biyar na farko. An harba bindiga, jiki hutacce, jama'a na ihu, mai shirin 4:30 ya ga 4:15 a agogo ya ce yau ranata ce. Daƙiƙa 15 sau kilomita goma minti biyu da rabi ne ya ci bashi, kuma a wannan saurin kason sukarin da yake ƙonawa ya fi yawa. Zai biya da minti goma sha biyar bayan kilomita 32.

Ku dubi manya. Kipchoge a Berlin 2022, da ya yi 2:01:09, rabin farko 59:51, na biyu 61:18. Ko shi ya sauka. Kelvin Kiptum, da ya rasu a hatsarin mota a Fabrairun 2024, a Landan 2023 ya yi rabi na biyu cikin 59:45, a Chicago kuma da ya yi 2:00:35 rabin farko 60:48, na biyu 59:47. Mutum ya yi kilomita 21 a wannan saurin sannan ya ƙara wuta. Abin da Dakta ke kira na huɗu ke nan a fili.

Ga ɗan koyo: kilomita biyar na farko a hankali da daƙiƙa 5 zuwa 10 a kan saurin da aka tsara, a zauna a kansa har 30, sannan a ga abin da ya rage. In rana ta yi zafi, a ƙara daƙiƙa 10 zuwa 20 a kilomita tun daga farko, ba sai jiki ya tilasta ba.

Sabon Shiga:
Ɗaurewar jijiya fa? Kowa cewa yake gishiri ne.

Likitan Gashi:
Wani lokaci, ga mai gumin da ke barin farin tabo a riga. Amma binciken Martin Schwellnus a Afirka ta Kudu ya nuna masu ɗaurewa da marasa ɗaurewa gishirin jininsu bai bambanta ba sosai. Abin da ya fi haɗa su shi ne sun tashi da saurin da ya wuce horonsu. Kuma ka lura, tsokar da ke aiki ce kaɗai ke ɗaurewa, bayan cinya da sha-raɓa, ba hannu ba. In ta kama, a tsaya a miƙe tsokar a hankali daƙiƙa 20 zuwa 30, a yi tafiya kaɗan, a ci gaba da gajeren taku.

Daktan Wasanni:
Abu uku da ba na so a rufe zancen ba a faɗa ba. Wanda juriyarsa ta faɗi haka kawai ba tare da ya canza horo ba, ya je a duba jininsa da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, musamman mata da wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro. Kowa kuma ya san nau'in jininsa na gado (genotype): mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, yana iya gudu, amma aiki mai tsanani cikin zafi da ƙishi ya fi masa haɗari, in ƙafa ta saki ba tare da ɗaurewa ba ya tsaya nan take.

Sai magunguna. Ibuprofen da diclofenac kafin tsere ko a cikinsa, ga ƙishi ga farfasasshiyar tsoka, ƙoda ce ke biya. Fitsari launin shayi bayan tsere ba abin jira ba ne. Tramadol kuwa hukumar WADA, mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024, ban da illarsa da kowa ya sani a unguwanninmu. Abin da ya halatta kuma yake aiki shi ne sinadarin kafeyin da ke cikin gahawa, miligiram 3 ga kowane kilo na jiki, wajen awa ɗaya kafin tashi ko a raba a ajiye wani don kilomita 25.

Ɗan Pankshin:
Goro ke nan, Dakta.

Daktan Wasanni:
Akwai shi a goro, sai dai ba ka san nawa ka ci ba, wani goron ya fi wani. Mai kilo 62 miligiram 186 yake nema, kusan kofi biyu na gahawa mai ƙarfi. Wanda ba ya sha ya fara da rabin haka a atisaye, domin wasu zuciya take bugar musu, wasu kuma bayi yake kai su.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Koci, gudun nan na kilomita 30 mai aiki a ƙarshe, yaushe ne na ƙarshe kafin tsere?

Kocin Tsere:
Mako uku kafin ranar. Mako na gaba a rage kilomita da kashi 20 zuwa 25, dogon gudu ya koma kilomita 22 zuwa 24. Mako na biyu a rage zuwa kashi 60 na abin da aka saba, dogon gudu kilomita 16, shida daga ciki a saurin tsere. Makon ƙarshe gajerun gudu uku, ɗaya da kilomita uku a 4:30 ranar Talata don ƙafa kar ta manta. Yawa ake ragewa, ba sauri ba. Ƙarfe mai nauyi a ajiye shi kwana goma kafin tsere, takalmin da za a sa kuma ya riga ya yi dogon gudu biyu da safar da za a sa shi da ita.